Muttaka Mai Rediyo da Sunan da Bai Taɓa Kira Ba

Malam Muttaka mai rediyo mutum ne da yatsunsa suka fi bakinsa magana. Na san shi shekara arba'in da 'yan kai, kuma da za a tara kalmomin da na ji daga bakinsa a tsawon wannan zama, ban jin za su cika faifai guda.

A Darki aka haife shi, gidan manoma, shi ne mai bin Sabo. Sabo ya riƙe garma har tsufansa. Shi kuwa Muttaka, wata Juma'a yana saurayi aka aike shi kasuwar Wudil da ɗan maraƙi. Ya ɗaure maraƙin a turken rumfar wani mai gyaran rediyo, ya ce bari ya ɗan kalli abin da mutumin yake yi. Kasuwa ta ci, kasuwa ta watse, maraƙi ya tsinke igiya ya koma Darki da ƙafarsa, Muttaka yana nan tsugune yana kallon dalma tana narkewa. Daga ranar gona ta rasa shi.

Lokacin da na san shi yana da rumfarsa ta kansa kusa da gada, inda warin dalma yake haɗuwa da ƙamshin kifin da ake soyawa a bakin kogi. Rikodar da nake ɗaukar waƙoƙina da ita ce ta kai ni wurinsa, zama kuma ya riƙe ni. Yana da wata al'ada. Duk abin da aka kawo masa, kafin ya ɗauki mitar awon wuta, sai ya kunna shi ya bar shi ya ɗan jima, sannan ya bi kayan cikinsa ɗaya bayan ɗaya da bayan ƙaramin yatsansa, kamar uwa tana taɓa goshin jariri. Na taɓa tambayarsa dalili. Ya ce, "Abin da zai mutu, sai ya fara zazzaɓi." Ya ci gaba da aikinsa. Wannan ita ce hirarmu ta ranar.

Ya auri Laraba, Allah ya ba su 'ya mace ta fari, aka sa mata Safara'u. Kunyar ɗan fari kowa ya san ta, amma ta mutanen Darki ta fi ta kowa kauri. Da aka yaye yarinyar aka kai ta gidan Sabo, can ta tashi, shi take kira Baba, sunansa aka rubuta mata a makaranta: Safara'u Sabo Darki. Muttaka bai taɓa ɗaukarta ba, bai taɓa zama inuwa ɗaya da ita ba, sunanta kuwa bai taɓa ratsa haƙoransa ba. In dole ta kama sai ya ce "ta wajen Yaya". Ita ma in ta zo ambatonsa sai ta sunkuyar da kai ta ce "Baban Wudil".

Sai dai duk zuwansa Darki, yakan manta da wani gwangwanin madara a zauren Sabo. A ciki akwai matattun kayan rediyo, 'yan wayoyi, tsohuwar sukundireba. Bai taɓa cewa na wane ne ba, ba a kuma taɓa mayar masa ba. Shekara goma sha yana wannan mantuwa. Yarinya ta tashi tana kwance rediyon gidan tana mayarwa, ta wuce sakandare, ta wuce jami'a, ta karanta ilimin lantarki. Da labarin ya zo rumfa, mutane suna ta yi masa barka, shi kuwa ya ce ai Yaya za a yi wa.

Da sojoji suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki, garin Wudil ya cika da lasifika. Kowane ɗan takara yana son muryarsa ta tsallake kogi, kowace lasifika kuma a rumfar Muttaka take kwana biyu. Bayan 'yan shekaru aka buɗe jami'a a garin, aka nemi wanda hannunsa ya san dalma don ɗakin gwajin lantarki. Wani malami da ya taɓa gyara wa rediyon mota ya ba da sunansa. Aka ba shi farar riga mai dogon hannu da makullin ɗaki. Ya rufe rumfa yana da shekara hamsin da biyu.

Wata rana da la'asar, shekara biyu da fara aikinsa, ya shigo zaurena ba tare da ya gama sallama ba. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, kamar wanda ya ga kabarinsa a buɗe.

Ya ce, "Sun kawo ta."

Na ce, "Wa?"

"Ta wajen Yaya. An ɗauke ta koyarwa."

"To ai abin farin ciki ne. A wane sashe?"

Ya zauna a ƙasa, ya bar tabarma. Ya ce, "Ɗakinmu."

Ya so ya ajiye aikin. Wanda ya hana shi shi ne Malam Isyaku mai kula da sito, mutumin Darki, sa'ansa, mai surutu kamar kanari. A duk jami'ar shi kaɗai ya san abin da ke tsakaninsu. Ya ce masa, "Kai dai ka riƙe dalmarka, ni zan zame muku baki." Haka kuwa aka yi. Safara'u takan shigo ta gaida ɗaki gaba ɗaya, idonta a ƙasa: "Sannunku da aiki." Muttaka ya amsa wa bango. In tana son a liƙa mata wani abu sai ta gaya wa Isyaku da murya mai ɗan ƙarfi, Isyaku ya juya ya maimaita wa Muttaka da ke zaune taku uku daga wurin, ya ƙara gishiri. Kafin ta dawo daga aji an gama.

Mutane suka ɗauka gaba ce. Har shugaban sashe, Dokta Zubairu, mutumin kirki daga can gabas, ya taɓa kiransu ofis don ya sulhunta su. Ya yi musu nasiha ta rabin sa'a a kan haƙƙin abokin aiki. Su biyun suna kallon siminti. Da ya tambaye su mene ne matsalar, kowa ya ce wa simintin babu komai. Ya sallame su yana girgiza kai.

Ni da babu kunya tsakanina da ita, ni ta yi wa bayanin aikinta. Kawu take ce mini. Wata safiya na leƙa ɗakin gwajin, ta ajiye mini kujera a gaban wani ɗan fanel kore mai faɗin tafin hannu biyu. A tsakiyarsa akwai wani baƙin abu mai kusurwa huɗu, bai fi farcen babban yatsa ba, irin wanda masu gyara suke kira aisi. A gefe akwai 'yan fitilu biyu, kore da ja.

Ta ce, "Kawu, yanzu kwamfutoci suna aika wa juna saƙo ta waya, daga gari zuwa gari. A hanya wani yana iya tare saƙon ya canza shi. To yaya wanda aka aika wa zai gane?"

Na ce, "Sai dai in ya san muryar mai aikowa."

Ta yi dariya. Ta ce akwai wani lissafi da ake zuba saƙo a cikinsa, komai tsawonsa, a niƙa shi zagaye tamanin, ya fito da ɗan gajeren jerin alamomi arba'in. "Mu muna ce masa hash, amma kai ka ce hatimi." Mai aikawa ya fitar da hatiminsa ya kulle shi, wanda ya karɓa shi ma ya niƙa saƙon ya fitar da nasa. In sun yi daidai, ba a taɓa saƙon ba.

Ta ce in ba ta baiti ɗaya daga cikin nawa. Na ba ta, ta rubuta, hatimi ya fito a gilashin kwamfuta. Sai ta canza harafi ɗaya tak, ta sake niƙawa. Na matso da fuskata. Ba alama ɗaya ce ta canza ba, dukkansu ne, kamar an tashi gari an kafa wani a wurinsa. Na yi shekaru ina ɗaga harafi ina saukewa a waƙa, babu wanda ya lura, ga wani ɗan baƙin dutse ya lura.

Matsalar, in ji ta, ita ce jinkiri. In aka bar wa kwamfuta wannan niƙa, saƙonni sukan taru suna jira kamar manyan motoci a bakin gada ranar Juma'a. Shi ya sa ta ɗauke lissafin daga kwamfuta ta gina shi a cikin aisin nan, ta tsara shi yadda wani saƙo zai shiga tun wani bai gama fita ba. "Kamar lugude, Kawu. Kafin wannan taɓarya ta tashi, waccan ta sauka." Sannan ta ƙara saurin bugun da aisin yake aiki da shi har iyakar da ta ga zai ɗauka. Sakamakon shi ne ninki bakwai na gudun kwamfutar. Fitilar kore tana nufin hatimin da ya fito daidai ne. Ja kuwa kuskure.

Na ce, "Ta taɓa kamawa?"

Ta ce, "Shekara guda ke nan ban ga launinta ba."

Shekara huɗu ta yi a kan wannan aiki, shi ne na babban digirinta. Malamai uku daga wata jami'a za su zo su gani da idonsu, su yanke hukunci. A can kusurwar ɗakin Muttaka yana goge wani abu da ba ya buƙatar guga, ya ba mu baya, amma na ga kunnensa.

Safara'u 'yar sammako ce. Ƙarfe bakwai tana ɗakin gwaji, lokacin da bango yake da sanyi, na'urar sanyaya ɗaki kuma tana aiki. Ta yi gwajinta zuwa goma, ta tafi aji, ba ta dawowa. Rana ta Muttaka ce. A bazarar shekarar zaɓe ta dubu biyu da bakwai, wata azahar aka ɗauke wuta. Janareton sashen soket kawai yake iya ɗauka, ban da na'urar sanyi. Ranar ta bar fanel ɗinta a kunne. Muttaka ya zo wucewa, hannunsa ya yi abin da ya saba tun ba a haife ta ba. Ya ɗora bayan ƙaramin yatsa a kan aisin, ya janye da sauri. Ya tsaya. Can sai jar fitila ta ƙifta sau ɗaya, kamar idon maciji a rami. Ta sake ƙiftawa.

Kwana huɗu yana maimaitawa da agogonsa a hannu. In ɗaki ya yi zafin azahar, minti ashirin da biyar ne. Malaman kuwa saura mako uku su zo, an sa musu ƙarfe biyu na rana, a zauren sama mai rufin kwano.

Ya same ni a gida ya faɗa mini, a gutsure, yana kallon ƙafarsa.

Na ce, "To ka gaya mata mana."

Ya dube ni kamar na ce ya tuɓe a tsakiyar kasuwar shanu. "Ni?"

"Ka rubuta a takarda."

"Takarda ma ai baki ce." Sannan ya faɗi abin da ya fi damunsa. "In na gaya mata, ta san ina kallon aikinta."

Na ce bari ni in je. Ya ce, "Kai da ba ka san dalma daga danƙo ba? Kuma ta ji na kai zancenta waje?" Ya sa na yi masa alkawari. Na yi, kuma ba zan ɓoye ba, a raina na ga kamar al'adar iyaye ta fi ƙarfin wata 'yar fitila.

Dabararsa ta farko irin ta gwangwanin madara ce. Ya yanko alminiyam daga gawar wata rediyo, ya zauna da magagari ya fitar masa da haƙora sirara kamar na mataji, ya manna shi a bayan aisin don ya riƙa shanye zafin. Ya gwada da azahar, sa'a guda da rabi ja ba ta kama ba. Ya tafi gida da sauƙin zuciya.

Da safe Safara'u ta gani. Ta gane hannun, don babu mai guga haka a duk Wudil. Isyaku ya ce ta daɗe tana juya abin a tafinta. Amma ta riga ta aika wa malaman rubutunta da hotuna da awo, duk abin da aka ƙara za a tambaye ta daga ina. Ta ɗauka irin kyautar nan ce da ba a faɗin mai ita. Ta ɓamɓare shi a hankali, ta naɗe a hankici, ta sa a jaka. Fanel ɗin kuma ta kulle shi a kabad.

Sai aka aiki Isyaku. Muttaka ya karanta masa saƙon sau uku: tana zafi, ja tana kamawa, da azahar, in babu sanyi. Isyaku ya je ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi mutanen Darki gida gida, ya yi addu'ar Allah ya ba da sa'a, sannan ya ce wani dattijo ya ce a duba, abin nan yana zafi har jar fitila tana kamawa. Safara'u ba ta raina maganar ba. Washegari ƙarfe bakwai ta fito da fanel, ta zuba masa saƙo miliyan a cikin sanyin safiya, sa'a uku tana zaune a gabansa. Kore tsaf. Ta ce, "A gaya wa dattijon na gode, na duba."

Muttaka ya ce, "Ka ce mata da azahar?"

Isyaku ya ce, "Kai Muttaka, zafi ai zafi ne, yana da agogo?"

"Ka koma."

"In koma in ce mata me? Ba ta iya dubawa ba? Yarinya ta rame saboda tunani, ni kuma in riƙa kai mata baƙin labari kamar mujiya? Ga ka, ga ta, taku uku ne. Ni bakina ya gaji."

Bayan kwana biyu ta tafi Kano wajen malamin da ke duba aikinta, makullin kabad yana jakarta. Ba ta dawo ba sai ana gobe.

Ranar Alhamis ce, saura kwana tara zaɓe. Motocin 'yan siyasa suna ta wucewa a titi da waƙoƙinsu, sama kuwa fari fat, ko tsuntsu babu. Aka ɗauke wuta tun ana alwalar azahar. A zauren sama fankoki sun tsaya cak, kwano yana ƙara kamar ana taka shi. Ɗalibai da malamai sun cika kujeru, kowa da takardar da yake fifita. A gaba malaman nan uku, babbansu wani dattijo mai farin gemu, Farfesa Halliru, ga Dokta Zubairu a gefensu. Muttaka ne ya hau da kayan, ya jona wayoyi, ya dawo can baya bakin ƙofa ya tsaya tsakanina da Isyaku. Na ga ya juyo da agogonsa cikin tsintsiyar hannu.

Ƙarfe biyu da minti biyar ta kunna. Kore. Ta yi bayani da murya mai natsuwa, ta kawo zancen lugude aka yi dariya, ta faɗi ninki bakwai aka yi ɗan guna-guni na yabo. Farfesa ya ce a bar na'urar tana aiki, zai yi tambayoyinsa. Ya yi ta farko, ya yi ta biyu, ta amsa. Gumi yana bin gemun Muttaka yana ɗiga a farar rigarsa.

Sai Farfesa ya cire tabarau ya ce, "Malama, tambaya ta ƙarshe, ki yi tunani kafin ki amsa, don abin da kika ce shi zan rubuta. Na'urar tsaro in ta yi ƙarya sau ɗaya, ta fi babu muni. Kin tsaya a kan cewa a wannan gudun ba ta kuskure, a kowane hali?"

Ta ɗago kai. Na ga bakinta ya fara buɗewa.

"Safara'u."

Ba da ƙarfi ya faɗa ba. Muryar ta fito a shaƙe, kamar ƙofar da aka shekara ba a buɗe ba. Amma zauren duka ya juyo. Isyaku ya dafe ƙirji ya ce innalillahi a hankali.

Dokta Zubairu ya miƙe, ransa a ɓace. "Malam Muttaka, lafiya? Malamarka ce fa, ga baƙi, kuma jarrabawa ake yi. In wata tsohuwar rigima ce, ba nan ne wurinta ba."

Isyaku ya ce, "Ranka ya daɗe, 'yarsa ce."

"'Yar wa?"

"Tasa. Ta fari."

Fifita ta tsaya a hannun mutane. Wata ɗaliba ta rufe baki da mayafi. Dokta Zubairu ya dubi Muttaka, ya dubi Safara'u, ya koma ya zauna a hankali kamar wanda aka zare wa ƙashi, na tabbata nasihar rabin sa'ar nan ce take dawo masa. Shekara huɗu uba da 'ya suna shiga ɗaki ɗaya. Waɗanda suka fito daga gidajen da ake wannan kunya su suka fi kowa razana, don sun san abin da suka ji.

Safara'u ta dafa tebur da hannu biyu. Ba ta juyo ba. Shekararta ashirin da tara, ta ji sunanta a bakin malamai da 'yan tasha da masu tallan fura, ba ta taɓa jin sa da wannan murya ba.

Muttaka bai dube ta ba, fanel ɗin yake kallo daga nesa. Ya ce, "Kada ki amsa. Taɓa ta."

Ta miƙa hannu. Bayan ƙaramin yatsa ta ɗora, ba wanda ya koya mata. Ta janye kamar ta taɓa garwashi.

Ta tambayi teburin, "Minti nawa?"

Muttaka ya ce, "Ashirin da biyar. Saura huɗu."

Ta fuskanci Farfesa. "Ranka ya daɗe, ina roƙon a ba ni minti huɗu kafin in amsa."

Ya dube ta ta ƙarƙashin gira, ya ajiye biro, ya naɗe hannu.

Ban taɓa sanin minti huɗu yana da faɗi haka ba. Wata motar kamfe ta taho daga nesa da waƙarta, ta zo daidai, ta wuce, waƙar ta narke a hanyar gada. Janareto yana ta gurnani a ƙasa. Mutum sama da sittin suna kallon 'yar fitila kore da ba ta kai ƙwayar gero uku ba. Minti huɗu ya cika, kore. Wani ya yi tari. Na saci kallon Muttaka, na ga leɓensa yana motsi, ban san wanne yake roƙo ba, ja ta kama ko kada ta kama.

Ta kama. Sau ɗaya, sannan sau biyu a jere, sannan ta riƙa ƙiftawa ba ƙaƙƙautawa. Zauren ya ja numfashi tare.

Safara'u ta daɗe tana kallonta. Shekara huɗu ce take ƙiftawa a gabanta. Sannan ta ce, "Amsata ita ce a'a, ranka ya daɗe. In ta yi zafi, bugun yana riga lissafin, sai hatimi ya fito ba daidai ba. Duk gwajina da safe na yi shi, a cikin sanyi. Kuskurena ne."

Ta buɗe jaka, ta warware hankici, ta ajiye ɗan alminiyam mai haƙora a kan tebur. Farfesa ya ɗauka ya ɗaga shi wajen haske, ya tambayi wane kamfani ne ya yi. Ta sunkuyar da kai. Ya dubi bakin ƙofa ya ce, "To, na gane." Sai ta ce wa zauren gaba ɗaya, "A zo a manna mana." Muttaka ya ratsa tsakiyar mutane. Ya karɓi alminiyam ɗin ya manna shi a bayan aisin.

Ba a ba ta digirin a ranar ba. An ce ta koma ta rage gudun, ta auna na'urar a zafi da sanyi, ta sake rubutu, a dawo bayan wata shida. A bakin matakala na ji Farfesa yana gaya wa Dokta Zubairu cewa da ta ce masa e, fitilar nan kuma ta kama, da ya rufe fayil ɗin ba zai sake buɗewa ba.

Labari ya riga Muttaka isa gida. Laraba ta tare shi a tsakar gida tana riƙe da haɓa, ta ce, "Malam, da gaske a gaban mutane?" Ya wuce ɗaki. A Darki tsofaffi suka yi ta salati, wata ta ce boko ya gama da duniya, tunda har Muttaka. Juma'a uku bai taka kasuwa ba don kada ya haɗu da mutanen garinsu. A ta huɗu Sabo ya zo da kansa, ya same shi a zaure, ya zauna yana ɓare goro.

Ya ce, "An ce ka yi rashin kunya a bene."

Muttaka ya dubi ƙasa, Sabo ya ci gaba.

"Shekara ashirin da tara ina ajiye maka sunan nan kamar ajiyar hatsi. Da ka tashi ɗauka, ko sallama babu." Ya miƙa masa ɓarin goron. "Ya yi daɗi a baki?"

Muttaka ya karɓa ya ce, "Yaya, ka bari."

Wata shidan nan da azahar suka yi shi, su biyu, a tebur ɗaya, na'urar sanyi a kashe da gangan. Isyaku ya ce shi ya yi ritaya daga aikin baki. Amma kada a ɗauka sun koma hira. Kowa fanel ɗin yake yi wa magana. "A rage mata kaɗan." "An rage." "Tana zazzaɓi?" "Da sauƙi." Ninki bakwai ya sauko ya zama biyar, biyar ɗin da ba ya ƙarya ko a watan Afrilu. Da kaka malaman suka dawo, ta ci.

Muttaka ya yi ritaya bayan 'yan shekaru, ya koma zama a tsohuwar rumfarsa ko da babu mai kawo rediyo. Ya rasu da damina, aka kai shi Darki. Sunan bai sake fitowa daga bakinsa ba. Har kwanciyarsa ta ƙarshe, in ta shigo gaishe shi, yakan juya fuska bango ya tambayi Laraba ko ta wajen Yaya ta ci abinci.

Bayan sadakar arba'in Safara'u ta zo gaishe ni. Yanzu ita ma tana da ɗalibai, kuma an ce duk wanda ya kawo mata na'ura sai ta sa ya gwada ta ƙarfe biyu na rana. Muka gaisa, muka yi masa addu'a. Ta tashi tafiya, ta kai bakin zaure, ta dawo ta durƙusa. Ɗan alminiyam ɗin nan yana hannunta, haƙoransa sun yi santsi saboda shafa.

Ta ce, "Kawu, kana kusa da shi ranar. Yaya ya faɗe shi? Ni kunnena toshewa ya yi, ban ji sosai ba."

Na gyara murya, na gwada. Ta saurara, idonta a rufe. Na sake gwadawa, na sassauta, na shaƙe muryar kamar yadda na tuna.

Ta girgiza kai a hankali. Ta ce, "Ba haka ba ne." Ta naɗe abinta a hankici, ta yi mini sallama.